Sharhi: An ɗora ƙungiya duka bisa kafaɗar mutum guda

Yau za mu leƙa ƙasar Amurka, mu duba wani wasa da ba mu saba gani ba a nan, wanda ake ce ma besbol. Kada ku ce mi ya haɗa mai tebur a kasuwa da wasan Amurkawa. Labarin na jari ne, da abin da ke faruwa in aka zuba shi wuri guda.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Ƙungiyoyi biyu ke karawa. Ɗan wasa guda yana jefa ƙaramar ƙwallo da iyakar ƙarfinshi, abokin karawarshi kuma yana ƙoƙarin bugun ta da kulki. Mai jifan nan shi ne ginshiƙi. Yakan yi jifa wajen sau 100 cikin wasa guda, ƙwallon kuma tana gudun da ya wuce kilomita 150 a awa. Shi ya sa gwiwar hannu da kafaɗa ke saurin lalacewa. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a shekara, babban mai jifa kuma yana fita kusan sau ɗaya cikin kwana biyar.

Cikin watan Oktoba na 2019, ƙungiyar Nationals ta birnin Washinton ta doke Astros ta birnin Huston, ta ɗauki babban kofin ƙasar. Rabon birnin da wannan kofi tun 1924. Wanda aka zaɓa gwarzon wasannin ƙarshe shi ne mai jifa Stephen Strasburg, wanda ya ci wasa 5 a zagayen neman kofin, ba a doke shi ba ko sau guda. Amma ana gama buki sai lissafi ya taso. Manyan ƴan wasa biyu, Strasburg da Anthony Rendon, kowane na da damar tafiya inda aka fi biyanshi. Mai ƙungiyar, Mark Lerner, ya fito fili ya ce ƙarfinsu na riƙe mutum guda ne kawai. Cikin Disamba 2019 suka zaɓi Strasburg, suka sa hannu bisa kwantaragin shekara 7 na dala miliyan 245. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A canjin wancan lokaci, kuɗin sun haura miliyar 140 na CFA.

To, mi suka samu? A 2020 ya fita sau 2, aka yi mashi aiki a hannu saboda ciwon jijiya. A 2021 ya fita sau 5, sai likitoci suka gano jijiyoyin da ke bi tsakanin wuya da kafaɗa sun matse, har sai da aka cire mashi haƙarƙari guda. A 2022 ya fita sau ɗaya tak, cikin watan Yuni, kuma daga nan bai sake jifa ba. Cikin Afrilu 2024 ya aje wasa kwata-kwata. Fita 8 ke nan. In aka raba kuɗin, kowace fita ta tashi sama da dala miliyan 30. A besbol kuwa ciwo ba ya warware kwantaragi: ko ɗan wasa yana kwance, sai an biya shi. Jaridun Amurka sun kuma ruwaito cewa ƙungiyar ba ta yi ma kwantaragin asiransi ba, wadda wasu ke ce ma inshora.

Daga nan gida ya fara watsewa. Da shugabannin suka ga babu alamar nasara, cikin Yuli 2021 suka miƙa Max Scherzer da Trea Turner ga ƙungiyar Dodgers, suka karɓi matasa a madadinsu. Cikin Agusta 2022 suka rabu da Juan Soto, yaro ɗan shekara 23 da ake lissafawa cikin gwanayen bugu na duniya, bayan ya ƙi tayin dala miliyan 440 na shekara 15. A wannan shekara an doke su sau 107 cikin wasa 162. Daga 2020 zuwa 2025, babu shekarar da nasararsu ta kai yawan kayen da suka sha. Cikin Yuli 2025 aka sallami mai horar da ƴan wasa, Dave Martinez, da babban darektan ƙungiyar, Mike Rizzo, mutanen da suka kawo kofin da hannunsu.

Mu a ganinmu, Strasburg ba shi da laifi. Bawan Allah ne da ya ba da ƙarfinshi har jikinshi ya gaza, kuma jiki da jini, babu wanda ya fi ƙarfin ciwo. Ba ma cewa kuma an yi kuskuren zaɓe tsakanin mutanen biyu. Rendon ya tafi ƙungiyar Angels bisa kuɗi daidai da na Strasburg, dala miliyan 245, shi ma ciwo ya yi ta kada shi, bai taɓa buga wasa 60 cikin shekara guda ba a can. Ko wane suka riƙe, da wuya su tsira daga asara.

Kuskuren yana wani wuri. Na farko, sun san halin hannun da suka saya. Tun 2010 aka yi ma Strasburg babban aiki a gwiwar hannu. A 2012 su da kansu suka tsayar da shi cikin watan Satumba, ana dab da shiga zagayen neman kofi, don tsoron kada hannun ya sake lalacewa. Wanda ya san haka, kuma ya ɗaure kanshi shekara 7 da mutum mai shekara 31 ba tare da wata kariya ba, bai kamata ya ce ƙaddara ce kawai ta faɗa mashi ba.

Na biyu, kuma shi ne babba, ba su tanadi magada ba. Shekara da shekaru suna ba da matasan da suke horarwa don su karɓo manyan da za su ci masu wasa nan take. Cikin Disamba 2016 kawai, sun ba da matasa masu jifa uku don ɗan wasa guda, Adam Eaton. Cikin ukun akwai Lucas Giolito, wanda daga baya ya yi suna a birnin Shikago. Ƙungiyar da ta ci kofi a 2019 ita ce ta fi kowace tsofaffin ƴan wasa a gasar. Da ginshiƙi ya karye, aka waiwaya baya, babu mai tare rufin.

Wasu za su ce ai sun ci kofi, kuma kofi guda ya fi alƙawarin goma. Gaskiya ne, kuma ba mu raina wannan magana ba. Akwai ƙungiyoyin da suka yi ta tattali ba su taɓa ɗaukar komi ba. Amma kuɗin nan miliyan 245 ba su ne suka sayo kofin ba, an riga an ci shi kafin a sa hannu. Ladan aikin jiya aka biya da kuɗin gobe. Godiya abu ce mai kyau, sai dai ita da lissafi kowane da wurin zamanshi. Kuma matasan da aka karɓo a madadin Soto, irin su James Wood da CJ Abrams, sun nuna cewa renon ƙanana yana da riba. Abin takaici shi ne sai da gida ya faɗi aka tuna da haka.

A nan ne labarin ya shafe mu. Rumfa nawa ce a kasuwanninmu wadda mutum guda kawai ya san dillalai, ya san masu bashi, ya san inda ake saro kaya? Mata nawa ne sana'arsu ke tsayawa cik ranar da suka kwanta, don babu ɗiya ko ƙanwa da aka koya ma awo da canji? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa ma naka ruwa. Alhaji, ka zaunar da yaronka kusa da kai, ka nuna mashi littafin bashi tun kana da lafiya. Hajiya, kada kuɗin adashi su tafi duka cikin kaya iri guda, a rage wani abu don ranar da jiki ya ƙi.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa albarka cikin kasuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.