Kafin ka zuba jarinka a kwamfuta mai haɗe da allo, tsaya ka yi lissafi

'Yan uwa, matasanmu da dama a nan Idu, Karmo da Gwagwa sun rungumi sana'ar ɗaukar hoto da tace bidiyo: bikin aure, suna, walima, da tallan kayan 'yan kasuwa a Facebook da TikTok. Abin a yaba ne. Sai dai da zarar yaro ya fara tara 'yan kuɗi, idonsa kan koma kan kwamfutar nan da aka haɗe injinta da allo wuri ɗaya, irin su iMac na Apple ko Surface Studio na Microsoft. A ganina, ga mai fara sana'a a unguwanninmu, ba da ita ya kamata a fara ba.

A ba ta haƙƙinta. Allonta na nuna launi yadda yake, wanda mai gyaran hoto ke matuƙar buƙata. Ba ta cin wuri, ba tarkacen wayoyi, kuma sababbin iMac ba sa shan wuta sosai. Kwastoma ma idan ya shigo shago ya gan ta, yakan ji ya zo wurin ƙwararru. Amma kyan ɗan maciji ba ya hana shi sara.

Na farko, kuɗi. Lokacin da Apple ya fitar da iMac mai inci 24 a 2021, mafi arha dala 1,299 ce. Surface Studio kuwa ta fito a 2016 a kan dala 2,999. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take; a 2024 ta haura 1,500. Ma'ana, kaya iri ɗaya ya ninka fiye da sau uku a aljihunmu, alhali kuɗin da ake biyan mai ɗaukar biki bai yi irin wannan tsalle ba.

Na biyu, wuta. Wannan kwamfuta ba ta da batir. Da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, aikin da ba ka adana ba ya tafi. Ba mu manta da yadda babban layin wutar ƙasa ya riƙa faɗuwa a 2024 ba, ko yadda jihohin Arewa da yawa suka kwana a duhu kwanaki a jere a watan Oktoban shekarar. Wanda ya sayi irin wannan na'ura ba tare da UPS ko inbata da sola ba, ya sayi doki ne bai tanadi ciyawa ba.

Na uku, gyara. A kwamfutar tebur ta gargajiya, akwati daban, allo daban. Allo ya lalace, ka aro wani ka ci gaba da aiki. Aiki ya yi nauyi, ka ƙara RAM ko ka canja katin hoto. A sabuwar iMac kuwa, RAM a manne take, yadda ka saya haka za ka ƙare da ita. Idan allo ya fashe aka kai ta gyara, shago gaba ɗaya ya tsaya, ga masu biki suna jiran bidiyonsu. Ƙara da ƙurar hunturu da ta manyan motocin da ke zirga-zirga a yankin masana'antu na Idu, wadda ke toshe mashigar iska. Akwatin gargajiya kowane mai gyara a Banex da ke Wuse zai buɗe ya kakkaɓe. Wannan kuwa allonta da gam aka liƙa shi, sai gwani.

To mene ne mafita? Raba kuɗin kashi-kashi. Sayi kwamfuta mai akwati, ko laftof mai ƙarfi ko da ta hannu ce, mai RAM aƙalla gigabait 16. Ware kaso na wuta. Sayi rumbun ajiya na waje don kwafin kowane aiki, domin biki ba a maimaita shi. Sayi makirufo mai kyau, saboda mai kallo yakan haƙura da hoto mai rauni amma ba ya jure murya mai ƙara. Sauran ka kashe wajen koyo. Manhajar DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta da ya ishi mai farawa.

Iyaye da 'yan adashe masu tallafa wa yara da jari, ku tambaye su abu uku kafin ku miƙa kuɗi: idan wuta ta ɗauke me zai faru, idan ta lalace wa zai gyara, kuma biki nawa za a ɗauka kafin kuɗin ya dawo? Wanda shagonsa ya kafu, yana da sola da kwastomomi na dindindin, ya saya, ba laifi. Mai farawa kuwa ya bi a hankali. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.