Gudun Babur A Titin Dawanau: A Daina Fakewa Da Ƙaddara

Duk wanda ya san Dawanau ya san cewa titin da ya ratsa ta gabanta, wato wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Bichi ya nufi Katsina, ba titin wasa ba ne. A nan ne babbar kasuwar hatsi take, inda ake sauke masara da gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo, a kuma loda su zuwa kudancin ƙasar nan da Nijar da Cadi da Kamaru. Tireloli na shiga suna fita, 'yan dako na tsallakawa da buhu a ka, ga masu tura kura, ga A Daidaita Sahu, ga yara masu talla. To, a cikin wannan cunkoso ne za a ga saurayi ya murɗe totur ya ratsa tsakanin tirela da bas kamar wanda aka biyo, ba hular kwano, ba madubi, wani lokaci ma da buhu biyu da mutum a bayansa.

Babur ba abin zargi ba ne, kuma ba a raina amfaninsa. Tun da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a ƙananan hukumomin cikin birni a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, sana'ar acaɓa ta fi ƙarfi a bayan gari da ƙauyuka. A ƙasar Dawakin Tofa da Tofa da Bagwai, babur ne ke fito da amfanin gona bakin kwalta, shi ke kai mai naƙuda asibiti, da shi samari da yawa suke ciyar da iyayensu. Abin zargin shi ne gudun wuce sa'a, da kuma maganar nan da ake rufe bakin kowa da ita idan ta auku: wai ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare.

Bari mai karatu ya yi lissafi da kansa. Wanda yake gudun kilomita 50 a awa yana cin wajen mita 14 a kowace daƙiƙa. Wanda yake gudun 80 kuwa mita 22 yake ci. Tsakanin ido ya ga haɗari da ƙafa ta taka birki, aƙalla daƙiƙa guda ta wuce. Ke nan kafin birkin ma ya fara aiki, mai gudun 80 ya riga ya shafe tsawon da ya fi tirela. Bayan haka, idan gudu ya ninka biyu, nisan da babur zai ja kafin ya tsaya ninkawa huɗu yake yi, haka ma ƙarfin bugun. Balle a ce tayar ta suɗe, ko akwai rairayi da tsabar hatsi a gefen kwalta, ko an ɗora buhu mai kilo 100 a baya. Wannan ne ya sa ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta tsayar wa babur kilomita 50 a awa.

Kuma me ake samu a gudun? Tafiyar kilomita 10 a kan gudun 50 minti 12 ce. A kan gudun 80 kuwa minti bakwai da rabi ce. Wato duk wannan kasada saboda minti huɗu da rabi ake yin ta. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin mai a 2023 ɗan acaɓa na cikin matsi, ga kuɗin mai, ga balas ɗin mai babur da za a kai da yamma. Amma wane ciniki ne minti huɗu za su kawo wanda zai biya kuɗin aikin cinya a Asibitin Ƙashi na Dala, ko wata uku a kwance a gidan mai ɗori? Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana.

Abin bai tsaya a Dawanau kaɗai ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne haɗarin hanya ke kashewa duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Waɗannan su ne sa'o'in masu karanta wannan shafi da ƙannensu. Hukumar ta kuma ce hular kwano mai kyau, idan aka ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin ɗari. Amma da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta sa hular a Janairun 2009, sai aka ga wasu a Kano sun kifa ƙoƙo da ƙwarya a ka don su yi wa dokar ba'a. An yi dariya a lokacin, dokar ta shiririce, ita kuwa kwalta ba ta daina fasa kawuna ba.

Game da fakewa da ƙaddara, ko ɗan Islamiyya ya san cewa imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mutum alhakin aikinsa ba. Da haka ne, da shari'a ba ta ɗora komai a kan kisan kuskure ba. Alhali kuwa ta ɗora diyya, wadda asalinta raƙumi 100 ne, ta kuma ɗora kaffara, wadda ga mutumin yau azumin wata biyu ne a jere. Wannan fa ga wanda ya yi kuskure ke nan. Ina ga wanda ya san birkinsa ba ya ci, ya san gaban kasuwa ne, aka yi masa magana ya ce shi gwani ne? Yafewar da iyayen mamaci suke yi a bakin makabarta karamci ne nasu, ba hujja ce ga mai ganganci ba. Shi kuma fasinjan da ya hau bayan mutum amana ce ya ba shi, har sai ya sauke shi lafiya.

Abin takaici ma, mafi munin gudun ba wajen neman abinci ake yin sa ba. A ranar ɗaurin aure da rakiyar amarya, da ranar Sallah, da lokacin da aka fita tarbar wani babba, a nan ne za a ga samari 30 ko 40 sun jeru, wannan ya ɗaga tayar gaba, wancan ya saki kan babur ya miƙe tsaye, mutum uku ko huɗu a kan mashin ɗaya. Sau nawa gidan biki ya koma gidan makoki kafin la'asar? Wanda ake yi wa rakiyar bai ƙaru da komai ba, uwar da aka kawo wa gawa kuwa ta rasa komai.

Hukuma ma tana da nata kason. Wurin da ya tara jama'a kamar Dawanau na buƙatar alamun rage gudu, da fitilu masu aiki, da wurin tsayawar tireloli wanda ba a kan titi ba, domin babbar motar da aka ajiye cikin duhu ba fitila tarko ce. Jami'an KAROTA da na kiyaye haɗurra su sani cewa tsare mai babur a karɓi na goro a sake shi bai taɓa ceton ran kowa ba.

Sai dai totur ba a hannun hukuma yake ba, a hannun saurayi yake. Don haka ya duba birki da taya da fitila kafin ya fita, ya sayi hular kwano ya ɗaure igiyarta, ya sassauta tun daga Kwanar Dawanau, kada ya bi ta hannun dama ya wuce tirela inda direba ba ya ganinsa, kada ya ba ƙaramin yaro makulli. Shugabannin tashoshin acaɓa su dakatar da duk wanda aka sani da ganganci ko shan ƙwaya. Masu shirya biki da taro su faɗa tun da wuri cewa ba a son rakiyar gudu. Fasinja kuma ya buɗe baki ya ce a rage, in an ƙi ya sauka, don gara a makara da a ɗauko mutum a makara.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba masu jinya lafiya, amin.