Ba kowane ciwon ciki ba ne olsa

1/ Jama'a, a yankinmu na Kura da Bunkure, duk wanda cikinsa ya murɗa sunan ciwon ɗaya ne: olsa. A shiga kemis a sayi omeprazole, a koma gona. Wallahi abin nan na ba ni tsoro. Ku biyo ni.

2/ Kansar tumbi ba ta kama kowa daidai. A duniya, maza sun kusa ninka mata biyu wajen kamuwa da ita. Shan taba da cin gishiri da yawa suna ƙara haɗarin.

3/ Akwai bambancin ƙasa da na jinsi ma. Ta fi yawa a Japan, Koriya ta Kudu da Mongoliya. A Amurka kuwa, baƙaƙen fata sun fi farare kamuwa.

4/ Babban sanadinta ƙwayar cuta ce, H. pylori, wadda ita ce dai ke kawo yawancin olsa. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa ta cikin masu haddasa kansa.

5/ A 1992 likita Holcombe, da ya yi aiki a Maiduguri, ya nuna wani abin mamaki: ƙwayar ta yi mana yawa, amma kansar da aka rubuta kaɗan ce.

6/ A ganina kar mu yi saurin murna. Wanda aka gwada shi ake ƙirgawa. A Koriya, daga shekara 40 ana duba cikin mutum duk shekara biyu. Mu fa? Manomin Kadawa da ke tsakiyar ban ruwan shinkafa, yaushe zai bar layin ruwa ya je a zura masa kyamara ta baki?

7/ Ga shi mazan da suka fi haɗari su ne masu cewa "zai wuce". Mata kuma, ƙasa da maza ba ya nufin babu.

8/ Alamomin da ba a wasa da su: rama ba dalili, ƙoshi daga loma kaɗan, aman jini, baƙin bayan gida, ciwon da ya ƙi jin magani.

9/ In Baba ko Kawu na da ɗaya daga ciki, kar ka sake sayo masa magani. Kai shi asibiti, a gwada H. pylori, in ta kama a tura shi Asibitin Malam Aminu Kano. Ƙwayar na jin magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.