Wasannin Guje-guje: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Kamar yadda jama'a suka sani, Nijeriya ta komo daga wasannin Olamfik na Faris a 2024 ba ko lambar tagulla ɗaya. An yi ta maganar kuɗi da sakacin ma'aikata, amma akwai batun da ya kamata a duba da idon basira, watau tsarin horon 'yan wasa.

Tun wajen 1960 wani masani ɗan Tarayyar Sobiyat, Lev Matveyev, ya bayyana cewa ɗan wasa ba ya iya zama kan ganiyarsa duk shekara. Saboda haka akan raba shekara kashi uku. Da farko a yi watanni ana aiki mai nauyi don tara ƙarfi. Sa'an nan a rage yawan aikin, a ƙara sauri, har a sassauta sosai kamar mako biyu kafin babbar gasa. Daga bisani sai hutu. Ganiyar kuwa 'yan makonni take yi ta wuce.

Tobi Amusan ta isa misali. A Yulin 2022 ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a Amurka, daidai lokacin gasar duniya. A 2024 kuwa ta yi 12.40 a watan Mayu, amma a Faris cikin Agusta sai 12.55, ba ta kai zagayen ƙarshe ba.

Abin lura shi ne, da yawa daga 'yan tserenmu ɗalibai ne a jami'o'in Amurka, inda babbar gasarsu ke zuwa a watan Yuni. Kafin Agusta sun gaji. A gida kuma, gasar wasanni ta ƙasa da aka fara a Legas a 1973 takan sha ɗagawa. Wadda aka shirya yi a Jihar Ogun a 2024 sai Mayun 2025 aka yi ta. To, yaya mai horarwa zai tsara shekara alhali ranar gasa ba ta tsaya ba?

Wasannin Los Angeles za su zo a Yulin 2028. Wajibi ne hukumomin wasanni su tsayar da ranaku tun yanzu, su kuma daidaita da masu horar da yaranmu a waje.