Shari'ar Aminu Adamu Muhammed (2022)

Shari'ar Aminu Adamu Muhammed ƙara ce da 'yan sandan Najeriya suka shigar a shekarar 2022 a kan wani ɗalibin ajin ƙarshe na Jami'ar Tarayya da ke Dutse, Jihar Jigawa, saboda wani rubutu da ya wallafa a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Aisha Buhari.

Yadda abin ya faru

A watan Yunin 2022 Aminu ya saka hoton Aisha Buhari tare da gajeren rubutu da Hausa, inda ya zarge ta da cin kuɗin talakawa. Lokacin jami'o'in gwamnati suna rufe saboda yajin aikin ASUU, wanda ya ɗauki wata takwas. Ba a taɓa shi ba sai a watan Nuwamba, bayan ɗalibai sun koma karatu, jami'an tsaro suka kama shi a Dutse suka wuce da shi Abuja. Danginsa da ƙungiyar Amnesty International sun yi zargin an lakaɗa masa duka a tsare.

An gurfanar da shi a Babbar Kotun Birnin Tarayya bisa tuhumar ɓata suna ƙarƙashin sashe na 391 na Penal Code, aka tura shi gidan yarin Suleja. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NANS, ta yi barazanar zanga-zanga a faɗin ƙasar. Ranar 2 ga Disamba 2022 aka janye ƙarar, aka sake shi.

Abin da shari'ar ta bari

Tazarar wata biyar tsakanin rubutun da kamun ta nuna wa ɗalibai cewa abin da suka wallafa ba ya ɓacewa, kuma akwai masu bibiyarsa.

Matsin lambar jama'a ne ya fitar da Aminu, kotu ba ta yanke hukunci ba. Don haka ba a amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba: ko sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, mai ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, yana kare ɗalibin da ya yi wa mai mulki magana mai zafi. Har yanzu ɓata suna laifi ne da ke iya jawo ɗaurin shekara biyu a Penal Code, alhali wanda aka ɓata wa suna yana da damar neman diyya ba tare da 'yan sanda ba.

Akwai kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha amfani da shi kan 'yan jarida da matasa. Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin ra'ayi a 2020, amma sai a Fabrairun 2024 aka yi masa gyara.