Hansa: Ƙungiyar Fataken Jamus Da Ta Durƙusar Da Sarki

Duk lokacin da aka ƙara kuɗin duwan ko aka rufe iyaka, sai ka ji ƴan kasuwarmu suna kiran a haɗa kai. A yi taro, a zaɓi shugaba, a watse. Kafin wata ya zagayo kowa ya zagaya ta bayan gida ya sasanta da hukuma shi kaɗai. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin Hansa, ƙungiyar fataken Jamus wadda ta riƙe cinikin arewacin Turai ɗaruruwan shekaru, mu ga mene ne sirrinta.

Asalin kalmar Hansa na nufin ayari. Fatake ne da ke tafiya tare saboda tsoron ƴan fashi, kamar yadda kakanninmu suke bin madugu zuwa Gwanja sayen goro. Sannu a hankali zumuncin ya tashi daga kan fatake ya koma kan garuruwansu. A shekarar 1241 biranen Lubek da Hamburg suka ƙulla yarjejeniyar tsare hanyar da ke tsakaninsu. Gishirin garin Luneburg kan bi ta Lubek zuwa gaɓar Sikaniya, inda ake gyara kifi da shi. Daga Rasha a kawo fatu da kakin zuma, daga Norwe busasshen kifi, daga ƙasar Filanda ta yankin Beljiyam tufafi. Garuruwan da suka shiga ƙungiyar a lokuta daban-daban sun kai wajen 200.

A ƙasashen waje sun kafa manyan zanguna huɗu: Landan, Buruj, Bergen da Nobgorod. Kowane zango da dattawansa, da dokokinsa, da ma'auninsa, kuma shi ke magana da sarkin ƙasar da baki ɗaya domin neman sassaucin haraji.

Abin mamaki shi ne, Hansa ba ta da sarki, ba ta da rundunar soja ta dindindin, ba ta da baitulmali. Babban taronta, wanda aka fara a Lubek a 1356, ba kowace shekara yake zama ba, kuma shawararsa ba ta zama doka sai majalisar kowane gari ta amince. To, me ya riƙe ta? Makamai biyu ne: ƙaurace wa na waje, da korar na gida.

A 1358, da suka ga ana tauye musu haƙƙi a Buruj, sai suka kwashe kayansu suka bar garin, suka hana kowane ɗan ƙungiya ciniki da ƙasar. A 1360 mahukuntan suka sauko, suka tabbatar musu da haƙƙoƙinsu. Haka kuma da Sarki Baldema na Huɗu na Danmak ya ci garin Bisbi a 1361 ya tsananta musu, garuruwan suka ƙulla ƙawance a Kolon a 1367, suka aza wa jiragensu da kayansu haraji na musamman, suka yi yaƙi da kuɗin. Sulhun Sitiralsun na 1370 ya ba su riƙon ganuwoyin gaɓar Sikaniya har shekara 15. Ƴan kasuwa suka durƙusar da sarki.

Amma a ganinmu makami na biyu ya fi na farko muhimmanci, domin ƙaurace wa kasuwa ba ya tasiri muddin akwai ɗan'uwa mai kai kaya da dare. A 1468 Sarkin Ingila ya kame fataken Hansa a Landan. Mutanen Kolon suka ware kansu, suka nemi tsira su kaɗai, suka ci gaba da ciniki. Kolon na cikin manyan biranen Jamus, amma wannan bai hana a kore ta a 1471 ba. Da Ingila ta yi sulhu da Hansa a 1474, sai Kolon ta tsinci kanta ba tsuntsu ba tarko, kuma ba a maishe ta cikin ƙungiya ba sai a 1476.

Ba za mu ɓoye aibunta ba. Hansa ta attajirai ce, ba ta talakawa ba. Da masu sana'ar hannu na garin Buransuwaig suka tayar wa majalisar attajirai a 1374, ƙungiya ta kori garin baki ɗaya har zuwa 1380. Ashe sandar da ke hora maci amana tana iya faɗawa kan mai neman haƙƙinsa, in ba a sa ido ba.

Ƙarshenta ma darasi ne. Sarakuna suka yi ƙarfi, fataken Holan suka shigo da jiragen da suka fi araha, kowane gari ya koma duba tukunyarsa. A 1494 aka rufe zangon Nobgorod, a 1598 na Landan. Taron ƙarshe, a 1669, garuruwa 9 kacal suka aiko wakilai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka muna kira ga alhazanmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa: kafin ku tambayi abin da gwamnati za ta yi muku, ku tambayi abin da sandikarku za ta yi wa babban cikinku ranar da ya karya alkawari. In amsar ita ce ba komi, to ba ku da ƙungiya, taron shan shayi kuke da shi. Su kuma ma'aikatan hukuma su gane cewa ƴan kasuwa masu tsari ba abokan gaba ba ne: ya fi sauƙi a ƙulla magana da baki ɗaya mai cika alkawari, bisa ga bakuna dubu masu raɗa a kunne. Tsintsiya dai sai da maɗauri take shara.