Ka biya kuɗin wasa, kamfani ya rufe shi

Ranar 31 ga Maris 2024, kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe na'urorin da ke riƙe da The Crew, wasan tseren motoci da ya fito a 2014. Tun daga ranar, ko mai faifan a hannu ba ya iya buɗe shi, don an gina wasan ne yadda sai da intanet yake tashi, ko da mutum shi kaɗai zai buga.

Kamfanoni na cewa irin wannan tsari na hana kwafar wasa ta sata. Ubisoft kuwa cewa ya yi izinin bugawa aka saya, ba wasan ba. Masu wasa suka ce ba su yarda ba: a 2025 kokensu, Stop Killing Games, ya tara sa hannu sama da miliyan 1 a Tarayyar Turai.

Mu dai muna ganin suna da gaskiya, tunda wanda ya biya ne aka bari da faifan banza. Balle nan gida, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa. 'Yan uwa masu aiko wa yara wasanni daga waje, ku duba bayan kwali tukuna, can ake rubuta ko dole sai da intanet.